Kawunan raguna na maƙwabcina ɗan Polan

Shekarar da na gama karatu na samu aiki a Paris, na kama ɗaki a unguwar Belleville. Maƙwabcina wani ɗan Polan ne, dogo, mai gemu kamar tsintsiya. Ya ce mini shi artis ne. Ban taɓa ganin ya zana ko kaza ba.

Sunan da ya yi, a ƙasarsu ya yi shi: ya sa wa mushen alade rigar limamin coci ya ajiye a gidan nuni. Aka kai shi kotu, tsofaffin mata suka tofa masa yawu a titi. Da wannan yawun ya ci abinci shekara da shekaru a Faransa. Amma labari ya tsufa, 'yan jarida suka daina kira.

Wata rana ya buga mini ƙofa.

"Ka san inda ake sayar da kan rago?"

Na kai shi unguwar Château Rouge wurin wani mahauci mutumin Maraɗi. Ya kwashe kawunan da ke shagon kaf. Mahaucin ya tambaye ni da Hausa, "Malam, suna zai yi?"

A garin Lyon ya jera su kan dardumomin salla cikin wani gidan nuni, ya sa wa kowanne hula. Ya roƙe ni in gayyato 'yan'uwana Musulmi. Sai da muka shiga jirgin ƙasa za mu je wurin nunin ya faɗa mini gaskiya: so yake su fusata, a fasa tagogi, a kira 'yan sanda.

Na kira gwaggona da ke zaune a Minguettes, kusa da Lyon. Ta zo da ƙawayenta uku, sun sha ado kamar masu zuwa biki. Shi kuwa ya tsaya kusa da mai hoto yana jiran tashin hankali.

Gwaggo ta sunkuya, ta shinshina kai guda, ta miƙe.

"Wane ne ya yi babbakar nan? Ko gashin bai fita ba. Ka ce masa almubazzaranci ne, kuma gobe za su yi wari."

Na fassara masa. Ya ce, "Addininta fa? Ba ta ji zafi ba?"

"Ka ce masa ya wanke dardumomin mutane," in ji ta, suka tafi cin kasuwa.

Bayan kwana uku, masu duba tsafta suka rufe wurin saboda wari. Ya gaya wa jarida cewa masu tsattsauran ra'ayi ne suka toshe masa baki. Aka buga labarin da hotona, na toshe hanci da hannu, a ƙasa an rubuta wai Musulmi ne cikin fushi. Shugabana a wurin aiki ya yi wata guda yana gaishe ni daga nesa.

Bayan 'yan shekaru aka ba shi kujerar koyarwa a wata makarantar fasaha. Ya aiko mini da littafin ayyukansa, ya sa hannu a shafin farko, ya rubuta sunana ba daidai ba.