Ɗinkin da Ke Ƙarƙashin Hammatata

Ranar wata kasuwar Makarfi, a kakar da saura shekara biyu Turawa su tafi, motar gyaɗa ta sauke ni da Baba bayan mun yi wata huɗu ba ma gida. Shekarata takwas. Ƙarƙashin hammatata ta hagu akwai ɗinki har gadon baya, sai ƙaiƙayi yake yi. A jakin wani maƙwabcinmu aka ɗora ni zuwa ƙauyenmu Malikanchi.

Da ciwon aka haife ni. Ban taɓa kai ƙarshen waƙar gaɗa ba, sai haki ya durƙusar da ni, ƙirjina na dukan tara-tara. Na sha rubutu, na sha saiwoyi. Daga baya wani likita a Zariya ya ce wata jijiya ce kusa da zuciya ba ta rufe ba, kuma sai a wani babban asibiti can Kudu za a iya ɗaure ta. Baba ya bar gona ana tsakiyar noman fari, muka hau jirgin ƙasa.

Da muka shiga gida, Inna na sussukar 'yar dawar da ciyawa ta rage mana. Ba ta yi guɗa ba. Baba ya waiwaya bai ga ƙanena ba, ya ce, "Ina Sani?" Ta ce, "Ƙyanda ce, Malam. Jibi za a yi arba'in." Sai ya zauna a ƙasa ko takalmi bai cire ba.

Daga ranar aka hana ni daka, aka hana ni ɗaukar tulu. Aikina tsintar wake da korar kaji daga shanya. In na je rafi wanka, 'yan mata su yi ta leƙen tabon suna kirana Ɗinkakkiya, wai zuciyar tunkiya Turawa suka sa mini. A shekarar nan rumbunmu ya ƙare tun kafin ruwa ya sauka, muka koma cin tafasa da rama. Inna takan turo mini rabonta ta ce, "Ci, Hajara. An sha wuya a kanki, kada ta tashi a banza."

Wani hantsi na faki ido na sheƙa da gudu tun daga bayan danga har gonar rake. Na tsaya ina jiran hakin ya zo, bai zo ba. Nan na zauna cikin raken na yi ta kuka. Ban gaya wa kowa ba, don gidanmu ba mai sauran ƙarfin murna.

Bara aka yi wa jikar maƙwabciyata irin aikin nan. Mako biyu ta dawo a mota, aka dafa shinkafa, yara na rububin ganin tabon. Na taya su murna da zuciya ɗaya, na koma ɗaki. Ni na haifi bakwai, furfura ta rufe kaina. Sani bai wuce shekara uku ba.