Jar wutar mai da shanun huɗar abokina

Shekarun baya can, zamanin da soja ke mulki ana ta kiran kowa ya tsuke bakin aljihu, ina cikin waɗanda aka sallama daga garejin gwamnati a Zariya. Na tattara sifanonina na dawo gida Ikara, na kafa rumfa a gindin wani mangwaro bakin titi. Kada ku ji an ce sallama ku ɗauka rashin iya aiki ne. Wallahi na iya. In mota ta doso daga nesa, kafin direba ya taka birki na san abin da ke damunta. Aibina ɗaya a lokacin, na san na iya, kuma ina son kowa ya san na sani.

Ina da wani aboki Kirista, manomi a wajen Paki. Iyayensa daga kudancin jiha suka zo, amma shi nan aka haife shi, kuma aji ɗaya muka yi a firamare. Abu biyu ya mallaka da yake taƙama da su: shanun huɗa guda biyu, da wata tsohuwar a-kori-kura 404 da ta girmi aurensa. Da rani motar ke ciyar da gida, ya ɗauki masara zuwa Hunkuyi, ya ɗauko rake daga Makarfi, ran Lahadi ya kwashi tsofaffi zuwa coci. Da damina kuwa sai shanu su karɓi aiki.

Wata Juma'a, ruwan shuka bai daɗe da sauka ba, sai ga shi ya lallaɓo da motar kamar mai ɗauke da ƙwai. Bayan mun gaisa ya ce, "Mutumina, jar wutar mai ce ke kama mini. Kwana huɗu ke nan ba ni da sukuni."

Ga waɗanda ba su san mota ba, a ƙarƙashin inji akwai wani farantin ƙarfe da baƙin mai ke taruwa a ciki. Famfo ke zuƙo man daga nan ta bakin wata 'yar rariya, ya tura shi cikin inji da ƙarfi. In ƙarfin nan ya faɗi sai jar wuta ta kama, in ka yi kunnen uwar shegu da ita inji ya buga.

Na zaro sandar gwada mai, mai cike yake. Na canja ɗan suwic ɗin da ke kunna wutar, don sau da yawa shi ke ƙarya, wuta ba ta fasa kamawa ba. Na ɗaura gejin auna ƙarfin mai da na fito da shi daga tsohon wurin aikina. In inji na silo, wato ba a taka totur ba, allura tana tsaye daidai gwargwado, da an taka totur sai ta yi rawa ta faɗo ƙasa, inji ya fara 'yar ƙara. To a nan ya kamata in tsaya. Injin da metal ɗinsa ya cinye, wato ƙarafan nan da kiranshaf ke juyawa a kansu, a silo yake rasa ƙarfin mai, in an taka ya ɗan farfaɗo. Wannan kuwa akasin haka yake yi. Na gani da idona, na kuma san ma'anarsa: wani abu ne ke hana famfo shan mai. Abin da ya rage kawai in kwanta a ƙarƙashin mota in duba.

Sai dai fa na riga na yi wanka na sa farar shadda don masallaci, ƙasa kuma duk caɓi ce. Ga mutane uku a kan benci suna jiran su ji abin da gwani zai ce. Sai na goge hannu da tsumma na ce, "Metal ya tafi. Sai an sauke inji an kai kiranshaf Kano an wanke shi."

Abokina ya dubi motarsa. Ya san yadda kayan gyara suka zama a lokacin, in ma ka same su a kanti sai ka riƙe baki. Can ya ce, "Ka tabbata?"

Na ce, "Haba! Ni kake tambaya?"

Ya gyaɗa kai. Ya ce to babu yadda zai yi, in kasuwar Makarfi ta ci zai kai shanun, don mota ita ce abincin wata takwas, huɗa kuwa ya nemi aro ko ya koma garmar hannu. Na ce masa shawara ce mai kyau. Ya bar mini makulli ya hau bayan wani mai babur, ni kuma na tafi masallaci fes da ni.

Motar ta kwana biyar a gindin mangwaro ban ko leƙa ta ba, tunda a ganina sai kaya sun zo. Ranar kasuwar, da hantsi, sai ga matar abokina ta zo ɗaukar wani buhun iri da aka manta a bayan motar. Mace ce mai baki, ba ta iya ɓoye abin da ke ranta. Muka gaisa, na tambayi yara da ruwa, na tambayi maigida. Ta ce tun jiya da la'asar shi da ƙanensa suka kora shanun zuwa Makarfi. Sai ta juya ta harari motar, ta buga mata tafin hannu a ƙofa.

"Wannan tsohuwar banza! Ta cinye mini turmi, yanzu kuma ga ta za ta cinye mana shanu."

Na yi dariya na ce, "Uwargida, mota kuma me ya haɗa ta da turmi?"

"Au, bai gaya maka ba? Ai ranar da ya dawo daga Hunkuyi tayar gaba ta sace a ƙofar gida. Jak kuwa wani ya ara tun bara bai dawo da shi ba. Sai maza suka taru suka ɗaga gaban motar, aka kife turmina aka tura a ƙarƙashi, aka sake ta a kai. Ina ji ya yi ƙara. Turmin da na zo da shi daga gidanmu, Malam, ya tsage gida biyu."

Na daina dariya. Na ce, "A ina daidai aka sa shi?"

"Ina na sani? Tsakiya dai, inda ya fi faɗi."

"Wutar fa, yaushe ta fara kamawa?"

Ta ɗan yi tunani. "Washegari ne na ji yana mita."

Nan take na zube a ƙasa na shige ƙarƙashin motar. Ga shi nan kuwa ƙuru-ƙuru. Farantin mai ya loɓa ciki, zagaye guda, daidai faɗin gindin turmi. Ko makaho ya shafa zai gane. Farantin ya tashi ya manne wa bakin rariyar famfo, mai sai ya ɗan tsarga ta gefe. A silo abin da ke tsargawar yana isa, da an taka totur famfo ya nemi ƙari ya rasa.

Na fito jikina duk taɓo na gaya mata. Ta dafe ƙirji ta ce, "Yesu! To ka hau babur ɗinka yanzu ka je ka tsayar da shi mana!"

Gaskiyarta ke nan, kuma ga babur a jingine. Amma sai na ce mata a'a, na yi magana sau ɗaya ban duba ba, ba zan sake ba, bari in buɗe in tabbatar metal bai taɓu ba. Wannan hujja ce mai kyau, kuma na yarda da ita a lokacin. Yau da na tsufa zan gaya muku sauran. Ba na son in shiga kara, wato kasuwar shanu, a kan babur in ce wa abokina a gaban dillalai, "Na yi kuskure." So nake in shiga da motar tana ruri, in danna ham, a ce kai, wannan makanike aljani ne. Na kuma ce a raina cinikin shanu ba ya nuna sai bayan azahar.

Aikin kam na yi shi yadda ya kamata, wannan ba na kunyar faɗa. Na tsiyaye man a cikin kwano mai tsabta. Na kwance farantin, sai ga zanen rariyar ya fito a cikinsa yana ƙyalli inda suka riƙa gugar juna. Na buɗe murfin metal guda biyu, sumul suke, ko ƙarzani babu, don Allah ya taimaka mutumin lallaɓa ta ya riƙa yi. Na wanke rariya da kananzir. Na ɗora farantin a kan kututture na bi shi da guduma da guntun katako har ya koma yadda yake. Gasket, shimfiɗar da ke hana bakin faranti yoyo, babu a gari, sai na yanka wani daga kwali mai kauri na shafe shi da giris. Na tace man da ƙyalle na mayar. Duk wannan tana tsaye a kaina, ta kalli rana ta kalle ni, ta ce, "Malam, don Allah."

Da na tayar, allurar geji ta miƙe ta tsaya cak. Na taka totur har ƙasa, ta ƙara hawa. Jar wuta ta mutu, ƙarar nan ta ɓace. Wani daɗi ya kama ni har na yi tafi ni kaɗai. Na ce, "Shiga mu tafi!"

Muka kama hanyar Makarfi ina ta satar kallon wutar, ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Muka shiga kara da ham kamar masu rakiyar amarya. Na hango abokina a gindin wata bishiya riƙe da igiya. Igiya ɗaya. Sa ɗaya.

Ya dubi motar, ya dube ni, ya dubi matarsa da ta riga ta fara hawaye. Na sauko na yi masa bayani, kuma bakina bai yi zaƙin da na shirya ba. Ya ce babban ne ya tafi, wani fatake ya saya ba a fi awa guda ba, an sallama, an sa hannu a hannu. Muka ruga wajen dillalin. Ya ce, "Ayya, bayin Allah, ai motar kudu ta cika ta tashi. Da kun zo kafin a kira salla da ko a bakin mota ne ma roƙa muku."

Awa guda. Ni kuwa na ɓata fiye da biyu a gindin mangwaro.

Na ce wa abokina ya yafe mini, na gaya masa har zancen farar shaddar, ban rage komai ba. Ya daɗe yana shafa wuyan san da ya rage. Sai ya ce, "Ni na ce a kawo turmin. Tashi mu tafi gida." Iyakar abin da ya taɓa faɗa ke nan a kan maganar, har yau. Matarsa kam ta yi wata biyu in na gaishe ta sai ta amsa wa bango.

Wani zai ce ai ga kuɗin san a hannu, a sayi wani mana. Wanda ya san huɗa ba zai faɗi haka ba. Shanun huɗa tare ake horar da su, kowanne ya san ɓangarensa da takun ɗan'uwansa, ba ka samun madadi a bakin damina. Ya sayi ɗan maraƙi, sai da aka shekara biyu kafin ya kama aiki. Daminar nan da garmar hannu aka yi huɗar gonarsa, ni ma duk safiyar Asabar ina can, hannuna da ya saba da sifana ya yi kanta ya fashe.

Motar ta ƙara shekara tara ba a sauke injinta ba, kuma duk wanda ya tambaya abokina cewa yake ni na cece ta. Na gyara injuna da yawa bayan nan, kuma har gobe in ana maganar ƙarfin mai a yankinmu ina da ta cewa. Amma tun daga ranar ban sake yanke wa motar wani hukunci ina tsaye ba, kuma in na gano na yi kuskure, a take nake zuwa in faɗa, ko aikin bai ƙare ba.

Abin da ya fi tsaya mini ba maganar kowa ba ce. Da na je gidan ran Asabar ta farko, na tarar da san da ya rage a turke ya juya wa harawa baya. Abokina ya ce kwana uku ke nan bai ci ba. Yana tsaye ya zuba wa ƙofar gida ido, lokaci lokaci ya ɗaga kai ya yi kuka, ya saurara ko za a amsa.