Dillalin da Ke Murje Hanyar Gara

Dillalin gidaje ne, farar rigarsa fes, makullai na rawa a yatsansa. Yana nuna wa wata mai goyo ɗakin da ke kallon shagona. Bakinsa na zuba, diddigen takalminsa kuwa na murje siririyar hanyar jar ƙasa da gara ta gina a gindin ƙofa.

"Wannan katakon har jikokinki, Hajiya," in ji shi, yana ƙwanƙwasa sama. Ƙasan ba ya taɓawa, ya san fanko ne.

Mugun ya san gara sarai. Na tabbata a gidansa ko fiffikenta ya gani sai ya ɗaga gado.

Ita kuwa tana auna inda za ta shimfiɗa wa jaririnta, daidai ƙarƙashin silin ɗin da ya yi ciki.