Sarƙar Ciki

Har yau idan babur ya wuce ni injinsa yana kar-kar-kar, sai raina ya ɓaci, ko da ban san mai shi ba. Matata tana cewa tsufa ne ya fara kama ni. Ta san ba shi ba ne, tsokana ce kawai, don tana nan aka yi abin.

Lokacin da zama ya gagara a bakin kogin Komadugu muka kwaso Baba daga ƙauye zuwa gidana a Diffa, abu ɗaya ya ce ba za a bari ba, babur ɗinsa. Ya bar injin ban-ruwa, ya bar rumbu, ya bar tattasan da ke shanye a fili, amma ya kafe a kan wannan tsohon ƙarfe. A lokacin an riga an hana hawan babur a jihar, don haka a amalanken shanu aka ɗauko shi, an lulluɓe shi da tabarma. Idanun Baba kuwa sun riga sun tafi, yanar ido ta rufe duka biyun. Na ce wa matata ga makaho da babur a garin da ba a hawan babur, ta ce in rage murya.

Muka cire ƙafar gaba, muka ɗora shi a kan bulo a ƙarƙashin rumfa, yadda duk wanda ya leƙo zai ga ba inda za shi. Na je na sanar da mai unguwa. Daga nan kowace Juma'a bayan an sauko masallaci, Baba zai sa a shimfiɗa masa tabarma kusa da rumfar, ya ciro makulli daga igiyar da ke wuyansa ya miƙo mini. In zuba esansi, wato fetur, kaɗan daga 'yar kwalba, in taka kik, injin ya yi ta aiki gwargwadon shan kofin shayi, sannan ya ɗaga hannu in kashe. Dalilinsa shi ne injin da ba a tayarwa mutuwa yake yi, kuma ran da aka buɗe hanya, a kan wannan babur zan goya shi mu koma gona. Kowace Juma'a sai ya faɗi wannan magana. Ni ban taɓa yarda da ita ba, amma ina taka kik ɗin, domin ita kaɗai ce ke fito da shi daga ɗaki.

Wata Juma'a ina tayarwa ya karkata kai. Ni ma na ji, wata ƙara ce siririya daga cikin injin, kamar an jefa tsakuwa a gwangwani ana kaɗawa. Baba ya yi rabin rayuwarsa yana gyara injunan manoman tattasai, kunnensa ya fi idon mutane da yawa. Bai ko taɓa babur ɗin ba ya ce sarƙar ciki ce ta saki, wadda ke juya saman inji, in ba a gyara ba za ta ci jikin ƙarfen ko ta tsallake haƙori, shi ke nan inji ya tashi aiki. Ya fara bayanin yadda ake yi, na ce masa ya bari zan kawo makanike.

A nan ya kamata in faɗi wani hali nawa. Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, Mushe ake ce mini a gari kamar kowane malami, kuma a wancan lokacin ina jin kunyar in faɗi abu da Hausa tsagwaronta idan na san sunansa da Faransanci. Makaniken da na samu a bayan kasuwa mutumin ƙetaren kogi ne, ya gudo da iyalinsa, ya kafa rumfa yana gyaran keke mai ƙafa uku da janareto tun da babura sun ɓace. Kalmominsa na aiki duk na Ingilishi ne. Na tsaya a kansa hannu a aljihu na ce masa shen ɗin motona ne ke ƙara, wato sarƙar babur ɗina da Faransanci. Ya ce ai cen ba wani abu ba ne, ranar Alhamis zai zo.

Ya zo ranar Alhamis da hantsi, Baba ya tafi gaisuwar rasuwa da maƙwabcinmu. Mutumin ya dubi babur marar ƙafar gaba, zaune a kan bulo, gizo-gizo ya yi saƙa a madubinsa, ya tsuguna a baya ya kama sarƙar ƙafa, wadda ta shekara biyu ba ta juya ba, ya ja ta ya ɗaure tam. Ya shafa mata mai har da lallaɓawa. Ni kuma ina tsaye a kansa ina gyaɗa kai kamar sufeto. Shi bai tambayi kansa yadda sarƙar da ba ta motsi za ta yi ƙara ba, ni ma ban tambaya ba. Mu biyu, da gemunmu.

Da na tayar ƙarar tana nan yadda take. Bai ji kunya ba ko kaɗan. Ya ce to taimin ne, sarƙar da ke cikin inji, in ban faɗa masa daidai ba laifin wa, amma akwai dabara. Ya aika aka sayo man giyar mota, mai kaurin nan kamar zuma, ya ɗura a inji. Ƙarar ta dushe, ta koma can ƙasa. Ya goge hannu a wando yana murmushi, ya ce haka ake yi wa duk babur ɗin da za a kai kasuwa. Na tsani wannan murmushi tun a lokacin, amma na sallame shi har da godiya.

Washegari Baba ya zauna a tabarmarsa, na taka kik ina jiran yabo. Ya saurara jim kaɗan, ya shaƙi hayaƙin, ya yi tsaki.

"Wa ya toshe masa baki?" ya ce.

Na gaya masa komai. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya tambaye ni abin da na ce wa makaniken, kalma da kalma. Da na ce shen, sai ya ce da na ce sarƙar ciki, yadda ya faɗa mini, ko mai sayar da ƙosai ta san ba ta waje ake nufi ba. Ya sa na kwance kusar ƙasa na tsiyaye man. Abin ya ƙi fitowa, yana zubowa guda-guda cikin tsohon kwano, baƙi ƙirin, yana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Ya ɓata mini hannu da hannun riga ta Juma'a. Ina tsugune ina zagin makaniken a zuci, da ubangidan da ya koya masa aiki, da duk masu rufe ciwo da tsumma su ce ya warke.

Muka zuba man kirki. Baba ya ce akwai wata 'yar kusa a gefen inji daga ƙasa, da noti a kanta, ita ce ke riƙe sandar da ke tura sarƙar. Ya ɗaga hannu zai ci gaba, na ce na gane, tandar ke nan da Faransanci, na san shi a littafi. Haushi ne ya cika ni, ina so a daina yi mini bayani kamar ɗan aji ɗaya. Ya sauke hannunsa ya ce to.

Da safiyar Asabar yana ɗaki yana sallar walaha na ɗauko kile, ƙarfen kwance noti. Tunanina mai sauƙi ne, abu ya saki, maganinsa ɗaurewa. Na samu kusar, na sassauta notin, na juya ta ciki. Ba ta motsa ba, don dama a ɗaure take. Maimakon wannan ya sa ni tunani, sai ya ƙara mini zuciya. Na samo guntun bututu na zura a hannun kilen don in ƙara ƙarfi, na danna da nauyin jikina duka. Na ji ƙat. Kan kusar ya faɗo a ƙasa, sauran jikinta ya maƙale a cikin inji.

Daga ɗaki, bayan ya yi sallama, Baba ya kira ni da sunan da yake kirana tun ina yaro.

"Ɗaurewa ka yi?"

"Ɗaurewa na yi, Baba."

"Ai sassautawa ake yi. Ka kwance ta kaɗan inji yana aiki, akwai waya a ciki mai turo sandar da kanta. Ka ji ƙarar ta ɗauke, sai ka mayar a hankali da yatsa biyu. Abin da nake shirin gaya maka ke nan."

Ban taɓa jin ƙyamar kaina irin ta wannan safiya ba. Makaniken da na kwana ina zagi bai karya komai ba, wauta kawai ya yi ya tafi. Ni da na fi shi sani, ni na karya, kuma maganar da za ta hana ni tana bakin tsohon, sau biyu ina katse ta. Garin neman gira aka rasa ido, ga shi a gidan ma ba wani idon da ya rage.

Ba a tayar da inji haka, sandar ta maƙale, sarƙar tana lilo. Sai da na sauke injin gaba ɗaya, na sa a buhun tattasai, na ɗora a kura aka tura zuwa wurin wani mai walda da ke da injin huda ƙarfe. A shingen hanya wani soja ya sa aka kwance buhun, ya dubi injin ya dube ni, na yi ta bayanin uba makaho da babur a kan bulo har ya gaji ya ce in wuce. Mai walda ya ce aikin sa'a ɗaya ne idan akwai wuta. Wuta kuwa ta ƙi zama, ran da ta zo yana da ƙofofin mutane a gabansa, ran da ya samu sarari bakin hudar ya karye. Na yi ta zarya bayan an tashi lakwal, kullum a ce gobe.

Juma'a ta farko Baba ya sa aka shimfiɗa tabarma kamar kullum. Ya zauna yana fuskantar babur marar inji, yana murza makullin a wuyansa, har aka kira la'asar. Ta biyu ma ya fito, amma bai daɗe ba. Ta uku matata ta ɗauko tabarmar, ya ce ta bari, rana ta yi zafi.

A mako na huɗu injin ya dawo da sabuwar kusa. Na haɗa shi tun Alhamis, ban taɓa kusar ba. Ranar Juma'a na shiga ɗaki na durƙusa na roƙe shi ya fito. Ya fito yana dafa kafaɗata. Na tayar, ƙarar ta tashi kar-kar-kar. Ya ce in sassauta. Na juya kilen zagaye ɗaya da rabi, sai na ji wani ɗan motsi a ciki, ƙarar ta ɗauke ɗif. Abin da ya rage sai bugun injin, sumul, yadda na san shi tun ina goye a baya ana kai ni lakwal. Na mayar da kusar da yatsa biyu. Duka aikin bai kai minti ɗaya ba.

Baba ya miƙa hannu ya ɗora tafinsa a kan tanki, ya daɗe a haka. Ya ce wannan ce muryar babur ɗin ta asali. Na jira ya faɗi maganar gona da buɗe hanya, yadda ya saba, har na matso don in amsa da insha Allahu. Bai faɗa ba. Ya ɗaga hannu na kashe, na zare makullin na sa masa a tafi. Sai ya cire igiyar daga wuyansa gaba ɗaya, ya lalubo hannuna ya danƙa mini.

"Riƙe," ya ce. "Da injin yana magana duk Juma'a ban samu zama na yi lissafi ba. Da ya yi shiru na yi. Ba ni zai kai gona ba."

Na ce haba Baba, ai ga shi ya gyaru. Ya ce ya ji, ya gyaru sarai, in kama shi ya koma ɗaki.

Juma'ar da ta biyo na tayar da injin ni kaɗai, na bar ƙofar ɗakinsa a buɗe don ya ji. Matata ta shimfiɗa tabarmar a wurinta, ta naɗe ta da la'asar ba wanda ya zauna a kai.