Bijimin da ya shiga waƙata

Ina shiga gida na tarar da Baba da wayar ƙanwata a kunne, waƙata ta farko tana tashi. Ga shi kuwa ya sha cewa ɗansa ba zai yi waƙar rap ba.

Da wautata, ranar Juma'a na ɗauki waƙar, a shagon abokina kusa da kasuwar shanun Wudil, ranar da take ci. Kukan wani bijimi ya shige tsakiyar baiti.

Baba dillalin shanu ne. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Wannan bijimin ƙosasshe ne."

"Baba, mai waƙar fa?"

Ya murmusa. "Shi ma zai yi kasuwa. Maimaito mana."

Har yau ban sami yabo kamar wannan ba. Ku fa, wa ya fara yaba muku?