Ranar da Murdo Ya Rufe wa 'Yarsa Hanya

A kwarinmu in ka ce Murdo Galbraith sai an yi jim, amma ka ce Mai Rami, kowa zai nuna maka gidansa. Tun ina budurwa shi ke kula da hanyar da ta hau dutse zuwa bukkar masu wasan zamiya a kan ƙanƙara. Duk safiyar hunturu zai haƙa rami a dusar ƙanƙara har ya nutse, yana latsa bangon da yatsa kamar mai zaɓen tumatir. In ya tarar ƙasan ya yi gari-gari, saman kuma ya daskare, to gangaren na iya zaftarewa ya binne mutane. Sai ya ja ƙyauren hanya ya sa kwaɗo, ko uban wa ke jira.

Matarsa Ngaire takan ce da yana duba fuskarta yadda yake duba ƙanƙara, da ya riƙa gane ranar da take fushi.

'Yarsu tilo, Isla, ta kafe sai a bukkar nan za a ɗaura mata aure, cikin sanyin Agusta, tsakiyar hunturunmu, don can ta haɗu da angon. An riga an kai kek da naman rago sama. Ana gobe biki iska ta kwaso ƙanƙara ta jibge a gangaren, gari kuma ya waye tas. Murdo ya shiga raminsa, ya fito, ya sa kwaɗo.

"Haba Baba!" in ji Isla. "Dubi sama fa, ko gajimare babu!"

"Ni ba sama nake dubawa ba."

Ngaire ta riƙe ƙugu. "Baban Isla, yau ma? Ko raminka za mu aurar?"

Haka aka yi biki a rumfar askin tumaki, cikin warin ulu, da soyayyen dankali daga kantin gari. Murdo na miƙa amarya ya koma bakin ƙyaure ya zauna a motarsa, don ya san abokan ango za su saci jiki su hau ɗauko kek. Dutsen kuwa ko gezau, babu abin da ya zubo. Mutane suna ta dariya, ni kam tausayi ya ba ni.

Da yamma Isla ta ce in kai ta wurinsa. Ta shiga motarsa da rigar amarya da takalmin roba, ina jin su ta taga.

"Baba, ba abin da ya zubo."

"Na gani."

"To ka ce ka yi kuskure mana."

Ya daɗe yana kallon gangaren. "Wataƙila na yi. Amma na taɓa tono mutum a can, Isla, ban same shi da rai ba. Gara ki shekara ba kya kula ni da in je ina tono ki."

Sai ta miƙa masa ƙunshin dankali.

"Ungo. Ya huce, kuma laifinka ne."