Ranar da Yaya Falmata ta faɗi a filin lakwal

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata Falmata, kuma har yau in hanya ta biyo da ni ta gaban lakwal ɗin da take koyarwa a nan Gure, sai in ji ƙafata ta ƙara sauri.

Da hantsi abin ya faru, yara suna shan iska. Tana raba wasu biyu da ke dambe, sai ta dafe ƙirji ta zube. Malamai maza suka rugo, suka kewaye ta, suka tsaya cirko-cirko. Matar aure ce, wa zai taɓa ta? Aka kira matan da ke sayar da ƙosai a bakin ƙofa, su kuma suka yi abin da muka gada. Wannan ta kwara mata ruwa, waccan tana fifita da gyale, wata ta fasa albasa ta kanga mata a hanci. Kafin a samu mota, rai ya yi halinsa.

Likitan da ya karɓe ta ya ce mana da an samu wanda ya yi ta danna mata ƙirji tun a filin, wataƙila da zancen ya sauya. Na yarda da ƙaddara, ba sai an yi mini wa'azi ba. Amma wannan "wataƙila" ta hana ni sakat.

Bana ma'aikatan lafiya suka je makarantar da Hadiza, ɗiyar marigayiya da nake riƙo, take karatu. Sun zo da mutum-mutumin roba suna koya wa yara danna ƙirji, har da hoton na'urar da ke tayar da zuciya da lantarki, wadda mu ko a mafarki ba mu gan ta ba. Darasi ɗaya aka yi, iyaye suka kira taro.

Wani dattijo ya miƙe ya ce, "Yanzu ɗiyanmu mata za a koya ma taɓa ƙirjin maza? Ina kunya?"

Raina ya ɓaci. Na ce, "Baba, ranar da Falmata ta faɗi kunyarmu ba ta ragu da komi ba. Ita muka rasa."

Aka watse ba matsaya, kuma har yanzu ba a sake darasin ba. Da Yaya tana nan, da bakin nan nata, na san sai ta ɗauko robar ta dire a gaban dattijon ta ce ya gwada.

Zannuwanta sun tsufa, ɗalibanta sun watsu. Abin da ya rage mana nata shi ne taurin kan da ta bar wa Hadiza. Kullum da la'asar yarinyar nan tana tara ƙawayenta suna danne-dannen matashin kaina, har ya baje. Ta san ina fama da hawan jini. Jiya na yi mata faɗa kan matashin, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Ta ce, "Inna, ke dai in za ki faɗi, ki faɗi kusa da ni."